Hangen Ikko Ba Shiga Birni Ba Ne

Na san na yi muku alƙawari a fitowar da ta wuce cewa za mu ƙarasa maganar lefe da tsirfar akwati goma sha biyu da aka shigo mana da ita, to ku gafarce ni, wata wasiƙa ce ta shigo ta ture wannan magana gefe, don tun ranar da na karanta ta ban samu sukuni ba. Lefe ba gudu zai yi ba, za mu komo kansa in Allah Ya yarda.

Wasiƙar daga wata ƙanwarmu ce 'yar aji biyar a sakandare. Ta haɗa ni da girman Allah kada in faɗi sunanta ko unguwarsu, to na rufa mata. Ta ce masoya biyu gare ta. Ɗaya malamin makaranta ne a nan unguwarsu, ya ce zai jira ta har ta gama. Ɗayan kuwa a Legas yake aiki, ba ya zuwa sai da Sallah, amma in ya zo unguwa sai ta san ya zo, ga mota, ga ƙamshi, ga shadda tana maiƙo, har waya ya saya mata. Ya gaya mata albashinsa ya haura N200,000 a wata, kuma shi ba zai iya jiran wata jarrabawa ba, bayan Babbar Sallah yake so a ɗaura ya tafi da ita. Ta rufe wasiƙar da cewa, "Anti, ƙawayena duk sun ce in na bari wannan ya wuce ni na yi asarar duniya, ni kuma ina son in ga teku. Don Allah ki ba ni shawara."

Ƙanwata, ba zan zaɓar miki miji ba, wannan tsakaninki ne da Ubangijinki da iyayenki. Amma Legas ɗin da kike mafarki na je ta, na yi kwana arba'in da uku a cikinta, kuma zan gaya miki abin da idona ya gani.

Kafin nan bari in fara tona wa kaina asiri. A littafina na biyu na kai jarumata Legas, na ajiye ta a wani gida a Victoria Island mai bene uku, kullum da yamma ita da angonta suna zaune bakin ruwa iska tana kaɗa mata gyale. Wallahi lokacin da na rubuta wannan ko Zariya ban taɓa wucewa ba. A fim na gani na ɗora. Yanzu in na tuna yawan 'yan matan da suka karanta wannan shafi suka lumshe ido, sai in ji kamar ni ma ina da kamasho a cikin abin da ya samu 'yar'uwata.

'Yar ƙanin babana ce, tare muka tashi gida ɗaya, na girme ta da shekara huɗu. Ita ma tana aji biyar ɗan Legas ya fito. Aka yi biki bayan Babbar Sallah ta 2023, biki na gani na faɗa, aka ɗauki amarya sai Agege. Duk sanda muka yi waya sai ta ce lafiya lau, mu kuma muna ta tsokanarta da 'yar Ikko. Da cikinta ya tsufa Umma ta ce a dawo da ita gida goyon ciki kamar yadda aka saba a haihuwar fari, sai mijin ya yi ta kwana-kwana, yau ya ce hanya ba kyau, gobe ya ce likita ya hana. Daga baya muka gane kuɗin motar ne babu. Haka ta haihu a can cikin watan Oktoba na 2024, aka ce Gwaggo ta je ta yi mata wankan jego, ni kuma in raka Gwaggo tun da ba ta jin ko "kam" da Turanci.

Muka hau motar dare daga Sabon Gari, N35,000 kowaccenmu. Mun tashi da la'asar, ba mu shiga Legas ba sai bayan azahar ɗin washegari, ƙafafun Gwaggo sun kumbura sumtum. Ki fara riƙe wannan a ranki: daga Kano zuwa Legas tafiya ce ta kusan kilomita dubu. Ba unguwa ba ce da in an ɓata miki rai za ki yafa mayafi ki tafi gida ki huce. In aka yi rasuwa a gidanku, kafin ki iso an yi sadakar uku.

Agege dai ba baƙon wuri ba ne ga Bahaushe. Tun zamanin fataucin goro da zuwan jirgin ƙasa mutanenmu suke zaune a can, suna da sarkinsu, da masallatansu, da makarantun allo, akwai layin da in kika shiga sai ki rantse a Fagge kike. Haka Idi-Araba da Obalende da kasuwar Mile 12. Wannan ya ɗan kwantar mini da hankali. Amma da muka shiga gidan sai jikina ya yi sanyi.

Ciki da falo ne, da ɗan banɗaki, da wani lungu da aka kira kicin wanda in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya fita kafin ɗaya ya juya. Na duba ban ga gadon da Baffa ya sayar da gonarsa ya saya mata ba, ban ga sif ɗin nan mai ƙofa shida ba. Na ce, "Ke ina kayanki?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Yaya, ai ba su shiga ba." Ashe bayan an biya kuɗi masu ciwo an ɗoro kayan a babbar mota tun daga Kano, da aka zo sif ya ƙi wucewa ta ƙofa, gadon kuwa in aka kafa shi babu wurin shimfiɗa sallaya. Sati biyu suna jingine a baranda ruwan sama yana taɓa su, daga ƙarshe aka sayar wa masu gwanjo a kan abin da bai kai rabin kuɗinsu ba. Ta ɓoye mana shekara guda da wata uku. Iyaye mata da ke karanta wannan fili, don Allah in za ku kai 'ya Kurmi ku aika a auno ɗakin tukuna, ko ku ba da kuɗin a sayi daidai wurin a can.

Wannan ɗan akurkin, a shekarar da suka shiga N600,000 ne kuɗin hayarsa. Kuma kada ki ɗauka shi ke nan. A Legas ba ka samun gida sai ta hannun dillali, wanda suke kira ejan, kuma tun kafin ya nuna maka gida sai ka biya shi kuɗin kallo, ko gidan ya yi maka ko bai yi ba. Mijinta ya ce gida biyar aka nuna masa, kowanne sai da ya ajiye N5,000. Da ya samu wanda ya yi masa, ejan ya karɓi kashi goma cikin ɗari, N60,000. Aka ce akwai kuɗin takardar yarjejeniya, agrimen, shi ma N60,000. Aka ce akwai kuɗin ajiya saboda ko za ka fasa wani abu, N50,000, wanda a baki an ce za a mayar maka ranar tashi, amma duk wanda na tambaya dariya ya yi. Kin ga gidan N600,000 ya tashi a N770,000 ke nan, a dunƙule, kafin a ba ka makulli. Shekara tana zagayowa mai gida ya aiko da takarda ya mayar da shi N800,000, in ba ka iya ba ga hanya nan, akwai mutum goma a layi.

Gwamnatin jihar ta yi dokar haya a 2011 wadda ta hana mai gida karɓar kuɗin fiye da shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, ta kuma ce mai biyan shekara-shekara sai an ba shi sanarwar wata shida kafin a tashe shi, ko da yake an cire Ikoyi da Victoria Island da Apapa da Ikeja GRA daga cikinta. To amma baƙo makaho ne ko da idonsa. Wanda ya sauka jiya da jaka a hannu, yana kwana a shagon abokinsa, an sa masa ranar biki, ina ya ga ƙarfin tsayawa yana karanta wa mai gida doka? Na ga wanda aka ce sai ya biya shekara biyu kuma ya biya. Akwai kuma 'yan damfara da za su nuna wa mutum biyar gida ɗaya su karɓi kuɗin kowa su ɓace. Shi ya sa za ki ga an rubuta a bangon gidaje da manyan baƙaƙe cewa wannan gida ba na sayarwa ba ne.

Sai maganar ruwa, wadda ita ce ta kusa sa Gwaggo ta haɗa kayanta tun a kwana na uku. Ke da jin an ce gari a bakin teku ai kya ce ruwa har sai an ture. To gidan akwai famfo, amma ado ne. Ruwan sha na leda ake saye, na wanka da wanki kuwa sai 'yan garuwa, waɗanda mafi yawansu 'yan'uwanmu ne 'yan Arewa, har Yarabawan ma "mairuwa" suke kiransu. Jarka ɗaya N200 muka tarar, gidan kuma kafin mu zo jarka huɗu suke sha a rana. To ga mai jego. Kun dai san wankan jego irin na Gwaggo, safe da yamma, ruwa ya tafasa a babbar tukunya har yana tsalle, a sa ganyen darbejiya a yi ta fyaɗawa. Gwaggo ta ce a kawo itace. Aka ce mai gida ya hana hura itace a gidansa. Ta ce a kawo gawayi. Aka kawo wani ɗan ƙulli a leda da kuɗinsa zai sayi rabin buhu a ƙauyenmu. Aka koma kan gas, tukunya mai kilo goma sha biyu da rabi da muka cika a kan N16,000 da 'yan kai, wadda da take yi musu wata guda, ta ƙare a kwana tara. Gwaggo ta riƙe haɓa ta ce, "Ni 'yasu! Yau na ga garin da ake sayen ruwa a sayi wuta a dafa shi. Wannan ai ba wanka ake ba, kuɗi ake zubawa a rariya." Darbejiyar ma sai da wani mai gadi ɗan Sakkwato ya samo mana daga wani wuri mai nisa. Da aka yi sati biyu Gwaggo da kanta ta mayar da wankan sau ɗaya a rana, ta ce Allah Ya ga zuciyarta.

Wuta kuwa kati ake sakawa a mita, in ya ƙare ɗif, ko da tsakar dare ne. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar unguwannin da ake kira Band A zuwa N225 kowane yunit, wato ya ninka fiye da sau uku, don haka a Legas har samun wuta sosai ma abin tsoro ne ga talaka. In babu kuma sai janareta, domin zafin can ba irin namu ba ne. Namu zafi ne busasshe, ka shiga inuwa ka huta. Nasu gumi ne mai danƙo, ki yi wanka ki fito kina tsiyaya. Wannan laimar ita ce ta cinye mata takalman lefe da jakunkuna, duk suka yi fumfuna, ƙarafan akwati suka yi tsatsa, kukar da muka kai mata da busasshiyar kuɓewa sai da muka riƙa ɗurawa a kwalba muna toshewa. Na ga wani layi a jikin bangon falon, kamar kamu ɗaya daga ƙasa, na tambaya, ta ce nan ne inda ruwa ya tsaya da damina. Duk mai neman gida a Legas ya duba gindin bango kafin ya duba silin.

Ranar da na fara fita ni kaɗai na sha kunya. Zan je Oshodi, na shiga motar hayarsu mai ruwan ɗorawa da suke kira danfo. Kwandasta yana ta ihu da buroka wai kowa ya shigo da canjinsa, ni ban gane ba. Da muka iso ina bin sa N300, wani dattijo mai jaka yana bin sa N200, sai kawai ya miƙo mini N500 guda ya nuna mutumin ya ce mu je mu raba, motar ta yi gaba. Na tsaya a tsakiyar Oshodi da baƙon namiji muna zagaye masu talla muna neman canji, ni kamar in nutse. Da na dawo ina ba da labari maƙwabta suka yi ta dariya, wai ai ɗaura mana aure kwandasta ya yi, haka suke kiran abin. Gwaggo ta ce, "Auren uban wa? Babu waliyyi babu goro?"

To wannan motar ita ce rayuwar mijin 'yar'uwata kullum. A Apapa yake aiki, wajen tashar jiragen ruwa, yana rubuta lodi wa wani mai manyan motoci. Kusa da wurin aiki haya ba ta taɓuwa, don haka ya zauna a Agege, kuma abin da ya rage a haya sai ya biya shi a mota da barcinsa. Ƙarfe biyar na asuba ya fita, sallar asuba ma a hanya yake yi, mota uku zai hau kafin ya isa, ba ya dawowa sai goma na dare saboda cunkoso. Tun da Shugaba Tinubu ya ce an cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da N200 ta koma wajen N500, lokacin da muke can kuwa ta kai N1,000. Kin ga wata guda ke nan kafin bikinsu, duk lissafin da ya yi na aure ya rushe tun amarya ba ta tare ba. Acaɓa da mutum zai hau ya tsallake cunkoso an hana shi a Apapa da Ikeja da Surulere da wasu ƙananan hukumomi, an fara a 2020 aka ƙara tsanantawa a 2022, abin da ya raba dubban samarinmu 'yan ci-rani da abincinsu. Gaskiya akwai dogayen motocin BRT masu hanyarsu daban, kuma muna can jirgin ƙasa na cikin gari da ya taso daga Agbado ya bi ta Agege zuwa Oyingbo ya fara ɗaukar fasinja, na hau shi sau ɗaya don marmari, tsaf da shi. Amma bai kai shi bakin wurin aikinsa.

Cefane ma sai da na koma 'yar koyo. Babu kwano babu mudu, da gwangwanin derika ake awo da robar fenti. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne tumatir da albasa da tattasai, namu ne fa, daga Kadawa da Kura da sauran garuruwanmu ake lodinsu zuwa Mile 12, amma in kika ji kuɗin ɗan kashi huɗu sai ki ce daga Makka aka kawo. Gero da dawa da wake duk haka, kuɗin mota ya hau kansu. Buhun shinkafa a ƙarshen 2024 ya doshi N100,000. Wadda ta ce ita lallai sai tuwon shinkafa da miyar taushe da fura kullum kamar a gidansu, to albashi ba zai ga tsakiyar wata ba. Abin da ke da dama-dama shi ne abincin garin, garin kwaki, da manja, da agada, da kifi. Akwai wata dattijuwa Bayarabiya mai shago a ƙofar gidan, kowa Iya yake ce mata, Allah Ya saka wa matar nan da alheri. Ita ta koya wa 'yar'uwata tuƙa teba da miyar ewedu, wadda ashe lalo ce tamu ta gida, ita ta nuna mata ranar da kaya suke sauka a kasuwa, ita ta kai ta asibiti da naƙuda ta kama ta mijin yana cikin cunkoso, kuma ita take ba ta bashin burodi da madara ba tare da ta taɓa ɗaga mata murya ba. Masu cewa mutanen can ba su da kirki, ni dai ga abin da na gani.

Ana saura kwana biyar mu taho abin ya fashe. Da dare na ji kuka a ɗaki, na shiga na tarar ta haɗa akwati. Ta ce, "Yaya, wallahi ƙafarku ƙafata. Mutumin nan mata gare shi a waje. Ya fita tun duhu ya dawo da duhu, in na ce kuɗi ya ce babu, alhali da bakinsa ya gaya wa Baffa albashinsa N250,000 ne. Ina yake kai su? 'Yan kunnena na gwal na sayar aka yi hidimar suna, ko a gida ban faɗa ba." Shi kuma yana tsaye bakin ƙofa ya kasa cewa komai. Gwaggo ta fara salati tana cewa a kira Baffa a waya.

Ni dai ban yi karatu mai zurfi ba, amma na iya tarawa da ɗebewa. Na ɗauko littafin da nake rubuta labari a ciki, na juya bayansa, na ce, "Malam, zauna. Yau ba a matsayin suruki za ka yi mini magana ba, gaya mini gaskiya tsakaninka da Allah, ni zan rubuta." Ya ce, "To Yaya." Haya in aka raba N800,000 gida goma sha biyu, kusan N67,000 ke nan a wata. Mota N3,000 a rana zuwa da dawowa, kwana ashirin da shida, N78,000. Ruwa N24,000. Katin wuta da man janareta N20,000. Gas N16,000. Kuɗin shara da na masu gadin layi da na kwashe masai N5,000. Na tara, N210,000. Saura N40,000. A cikin wannan N40,000 ɗin za a ci abinci wata guda, a sayi sabulu, a sayi maganin sauro da na zazzaɓi, a sa kati a waya, ga jaririya ta zo, ga mahaifiyarsa a gida tana jiran aike, ga baƙi, domin duk ɗan garinsu da ya sauka Legas neman aiki falon nan ne masaukinsa. Na ce, "To da me kuke rayuwa?" Ya ce ɗan abin da direbobi suke ba shi na goro, da bashi. Abincin rana kuwa ya daina ci tun watan azumi, sai ya sha ruwan leda da burodin Agege.

Na ce, "Motar da ka zo da ita zance fa?" Sai ya sunkuyar da kai, idonsa ya kaɗa ya yi ja. Ta maigidansa ce, aro ya yi. Lefen ma har ranar ana bin sa N300,000.

Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar janaretan maƙwabta. Ita ta kalli takardar ta kalle shi, ta ga yadda wuyan rigarsa ya yi masa yawa, abin da ta kwana da shi shekara guda ba ta lura ba saboda zargi ya rufe mata ido. Ta ce, "Me ya sa ba ka taɓa gaya mini ba?" Ya ce, "Kunya. Na ɗauko ki daga gidanku da alƙawarin daɗi." Gwaggo ta ja ni muka fito baranda muka ba su wuri, sauro ya yi ta cizonmu har sha biyun dare. Da safe na ga an mayar da akwatin ƙarƙashin katifa.

Kada ku ce na wanke shi. Ya yi ƙarya, kuma ƙaryar neman aure ba ƙaramin abu ba ce, yarinya ta bar karatunta a kan motar aro. Amma mu ma da namu. Da aka tashi bincike an tambayi asalinsa, an tambayi sallarsa, an tambayi ko yana shaye-shaye, duk daidai ne, amma babu wanda ya ce a je a ga inda za a ajiye ta, babu wanda ya tambayi nawa ake sayar da jarkar ruwa a garin. Mun ji N250,000 muka auna ta da mudun Kano. Ko gwamnati ta san bambancin, shi ya sa da aka mayar da mafi ƙarancin albashi N70,000 a 2024, jihar Legas ta ce ita N85,000 za ta biya, kuma ki dubi lissafin da ke sama ki gaya mini inda N85,000 za ta kai mutum.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan. Akwai wata makarantar Islamiyya da boko a bayan layinsu, suna neman malama mai jin Hausa da za ta riƙe 'yan ƙananan aji, saboda yawancin yaran 'ya'yan mutanenmu ne. Albashin ba yawa, amma zai sayi ruwa da gas. Iya ce ta kai ta. Suka yaba da hankalinta da karatunta na Alƙur'ani, sannan suka ce ta kawo takardar gama sakandare. Shekara ɗaya da 'yan watanni ne suka rage mata lokacin da aka cire ta. Ta ce mini ranar har gida tana kuka a hanya, mutane suna kallonta.

Allah da ikonSa, tana da hannun ƙunshi tun muna yara. Amaren Yarabawa Musulmi suna son lallenmu ƙwarai, suna kuma son turaren wuta da humra. Kafin mu taho na bar mata N20,000 daga kuɗin littafina, muna isowa Kano na aika mata da lalle da kayan haɗin turare ta hannun direban motar dare. Yanzu ranar Alhamis da Juma'a ba ta zama, kuma ta shiga adashi da matan layin saboda haya, don a Legas ranar da ka biya ta bana ranar kake fara tara ta baɗi. Ta ce tana so ta zauna jarrabawar 'yan waje in yarinyar ta yi ƙwari. Ba su yi arziki ba, har yanzu ana bin su sauran bashin lefe, amma yanzu tare suke lissafin, a bayan wani littafi da ta saya na musamman.

Saboda haka ƙanwata mai wasiƙa, ni ban ce Legas ba ta da arziki ba, akwai 'yan'uwanmu da suka shiga da jaka ɗaya yau suna da gidaje, ban kuma ce naki ɗan Legas ɗin maƙaryaci ba ne, ban san shi ba. Abin da nake roƙonki, kada ki tambaye shi da bakinki don kunya ba za ta bar ki ba, ki samu yayanki namiji ko kawunki ya zaunar da shi. A wace unguwa gidan yake, ɗaki nawa ne, shi kaɗai ne ko da abokai? Nawa ne hayar, kuma yaushe za ta ƙare? Akwai ruwa a gidan ko saye ake? Mota nawa yake hawa zuwa aiki, ƙarfe nawa yake dawowa? Sau nawa zai iya kawo ki gida a shekara? In da hali a tura wani ɗan'uwa da ke can ya je ya gani da idonsa, da damina in zai yiwu. Mai gaskiya ba zai ji haushin waɗannan tambayoyi ba. Sannan ki ce masa ya bar ki ki zana jarrabawarki, shekara ɗaya ce da 'yan watanni, ki ji abin da zai ce. Amsar da zai bayar ki rubuto mini ita, ina jira.

Teku kuwa na gan shi. Ana jibi za mu taho mijin nata ya ɗauki hutun yini ɗaya ya kai mu, muka bi ta doguwar gadar nan ta Third Mainland da aka buɗe a 1990, kusan kilomita goma sha biyu a kan ruwa, Gwaggo ta rufe ido tana ta Hasbunallahu har muka sauka. Bakin ruwan ma sai da aka biya kuɗin shiga, kujerar zama ma kuɗi. Yana da kyau, ba zan ɓoye miki ba, na tsaya na daɗe ina kallon ikon Allah. 'Yar'uwata tana gefena da jaririya a baya, ita ma ta zuba ido. Na ce, "Ke da kike garin, kallon me kike yi haka?" Ta ce, "Yaya, ai ni ma yau na fara ganinsa."

Masu son rubuto mini ku ci gaba da aikowa ta adireshin mujalla kamar kullum, musamman 'yan'uwa da ke aure a Legas da Fatakwal da Kwatano, ina son jin yadda kuke fama. A fitowa ta gaba za mu koma kan akwatunanmu goma sha biyu. Gwaggo tana gaishe ku, har yau in aka ja ruwa a rijiyar gidanmu sai ta ce a cika mata bokiti biyu, wai bashin wankan Legas take ramawa.

Wassalam, taku har kullum.